Kifin da Ke Kwana Cikin Rairayi

Ƙannena maza da mata, na san da yawa daga cikinku sun taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko YouTube: tankin gilashi a falon wani, ruwa garau, fitila mai shuɗi-shuɗi, murjani yana rausaya, sai ga wani ɗan kifi mai ɗigo-ɗigo ya gifta yana kaɗa fukafukan gefensa, ya tsaya cak, ya karkata kai, ya cafki wani abu da idon mai kallo bai gani ba. Duk wanda ya kalla sai ransa ya biya. Wasu a cikinku ba su tsaya a kallo ba, har sun fara tambayar farashi. To da su nake magana yau, kuma ban zo da hani ba. So nake ku san cewa wannan kifi ba shi ake fara saye ba. Shi ne na ƙarshen shiga gida, bayan an shafe watanni ana kiwon abin da zai ci, ana gyara inda zai kwana. Wanda ya juya wannan tsari kuɗinsa sun tafi, ran kifin kuma yana wuyansa.

Kifin ɗan wani babban dangi ne da ake kira ras, masana kuma suna ce wa dangin Labridae, mai nau'i sama da 600 a tekunan duniya. A cikinsu akwai ƙato mai ƙullutu a goshi da kan kai mita 2, akwai kuma wanda bai wuce ɗan yatsa ba. Wanda nake nufi shi ne mai zanen damisa, Macropharyngodon meleagris, tare da 'yan uwansa na kusa, su kimanin 12. Tsawonsa ba ya wuce santimita 15. Mazauninsa ya tashi daga gabashin Tekun Indiya zuwa tsibiran Fasifik, daga kudancin Japan zuwa babban shingen murjani na Ostareliya. Yana da ɗan uwa a gaɓar Kenya da tsibiran Maldibis, yana da wani a Bahar Maliya wanda masanin kifi ɗan Amurka John Randall ya bayyana a 1978. Ke nan 'yan uwanmu mazauna Jidda da Fot Sudan maƙwabtansa ne, ko da ba su taɓa haɗa ido da shi ba.

Masu wannan harka a Turai da Amurka, waɗanda wutarsu ba ta yankewa kuma shagon kayan aiki yana bakin titinsu, sun sa shi a sahun kifayen da ba a ba ɗan koyo. Ba don rago ba ne. In ya zauna da gindinsa a tanki yakan yi shekaru lafiya lau, ba ya taɓa murjani, har ma yakan rage wasu ƙananan tsutsotsi da katantanwa masu ɓarna. Duk rigimar tana cikin watan farko da na biyu, kuma ba za ku gane dalilinta ba sai kun san yadda yake rayuwa a inda Allah Ya ajiye shi.

A teku ba ya zama tsakiyar murjani mai kyan gani. Gefe yake bi, inda rairayi ya gauraya da ɓaraguzan mataccen murjani, daga ruwa marar zurfi zuwa kamar mita 30. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kiwo yake yi, kamar yadda zabuwa ke yini tana tsince-tsince a bayan gari, ɗan wannan, ɗan wancan, ba zama a ci a ƙoshi. Abincinsa 'yan mitsi-mitsin katantanwa ne, da wasu halittu masu ɓawo da ke cikin rairayi, da ƙwarin ruwa da ake kira kofifod da amfifod. A can cikin maƙogwaronsa akwai haƙora masu ƙarfi da yake murƙushe ɓawo da su. Kuma dangin ras ba su da tumbin tara abinci, abin da suka haɗiya hanji yake wucewa kai tsaye. Wannan ya sa ba za ka cika masa ciki da safe ka tafi makaranta ko kasuwa ka ce sai dare ba. Jikinsa an gina shi ne a kan ci kaɗan-kaɗan, yini zubur.

Sai kuma maganar kwana. Da magariba ta gabato zai fara shawagi kusa da ƙasa yana duba wuri. Kafin ka ƙifta ido ya kwanta da gefe, ya soka kai, ya girgiza jiki, rairayi ya ɗan tashi, shi ke nan ya ɓace, ko alamar inda ya shiga da ƙyar za ka gani. Da safe kai ne ke fara ɓullowa, ido yana juyawa hagu da dama, ya ɗauki ɗan lokaci yana nazarin duniya, sannan ya zaro jiki ya kakkaɓe ya shiga kiwo. Haka yake yi kuma duk lokacin da ya firgita. Rairayi shi ne ɗakin kwanansa, shi ne mafakarsa. In ka raba shi da rairayi ka bar shi cikin tsoro dare da rana, kifin da ke cikin tsoro kuwa ba ya cin abinci.

Yanzu ku dubi hanyar da yake bi kafin ya iso shago. Kusan duk mai zanen damisar da ake sayarwa daga teku aka kamo shi. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa kifin teku na ado miliyan 20 zuwa 24 ake cinikinsu duk shekara, nau'i 1,471, kuma Filifin da Indonesiya ne kan gaba wajen fitarwa. A waɗannan ƙasashe doka ta haramta fesa gubar sayanaid don sumar da kifi, amma al'adar, wadda ta faro a Filifin tun shekarun 1960, ba ta ƙare ba. Kifin da aka kama ta wannan hanya yakan iso da kyan gani, bayan 'yan makonni ya mutu ba tare da wani dalili na zahiri ba. Ko wanda aka kama da raga ma wuya yake sha. Daga mai nutso zuwa dillalin ƙauye, daga nan zuwa mai fitarwa, a hana shi abinci da gangan don kada ya ɓata ruwan leda, a ɗaure shi cikin ruwa kaɗan da iskar oksijin, ya yi awa 24 zuwa 48 a hanya. A cikin ledar nan, duk lokacin da akwati ya girgiza, abin da halittarsa ta koya masa zai yi, wato ya soka kai ƙasa. Babu rairayi, sai gindin leda. Ya yi ta dukan baki har ya ji rauni. Kifin da rayuwarsa ta dogara da tsinta da baki, in bakin ya lalace, magana ta ƙare. Masu fitarwa na kirki sukan zuba ɗan rairayi a ledar saboda haka.

Kun ga ke nan abin da ke isowa hannunku majinyaci ne: ga yunwa, ga gajiya, ga tsoro, sau da yawa kuma ga tsutsa a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da zai sauka dole ya kasance a shirye tun da daɗewa.

Tankin kada ya gaza lita 200, wato cikin duro guda, kuma mai faɗi ya fi mai tsayi, domin ƙasa yake nema ba sama ba. In aka haɗa ruwa da duwatsu da rairayi da gilashi nauyin yakan doshi kilo 300, saboda haka ba teburin karatu ake ɗora shi ba. Ruwan famfo ko na burtsatse ba ya yi kai tsaye, sai an tace shi da irin na'urar da gidajen ruwan leda ke amfani da ita, mai matse ruwa ta cikin tankaɗe mafi laushi. Gishiri kuwa giram 35 ne a kowace lita, ke nan kusan kilo 7 a cikon farko, kuma gishirin miya ba ya aiki, domin ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadaran da murjani ke gina jikinsa da su. Gishirin da aka haɗa musamman don wannan aiki ake saye. Waɗannan duk abubuwa ne da kuɗi ke sayowa rana ɗaya, shi ya sa ban tsaya a kansu ba.

Abin da kuɗi ba sa sayowa shi ne tsufan tanki. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Akwai bakteriya masu amfani da ke zama a jikin duwatsu da rairayi suna mayar da ita wani sinadari, wasu kuma su sake mayar da wannan zuwa mai sauƙin illa. Kafin su yawaita akan ɗauki mako 4 zuwa 6. A nan ne masu gaggawa ke cewa tanki ya nuna. Ya nuna ga kifi mai juriya, amma ga namu da saura. Shi sai tankin ya yi wata 6 aƙalla, shekara ta fi, har duwatsun sun cika da rai. Tun 1961 wani ɗan Jakarta mai suna Lee Chin Eng ya nuna wa masu wannan sha'awa cewa dutsen da aka ɗauko da halittun da ke jikinsa shi ne ginshiƙin tanki, kuma har yau a kan wannan fahimta ake tafiya. In kuna son sanin ko naku ya kai, ga gwaji marar tsada. Ku bari a kashe fitilar tanki da awa biyu ko uku, ku zo da tocilan ɗin waya ku haska kusurwar gilashi daidai inda ya haɗu da rairayi. In kun ga fararen ɗigogi suna tsalle-tsalle a jikin gilashi, wasu masu lanƙwasasshen baya suna rugawa cikin ramukan dutse, to kasuwa ta ci. In kun ga gilashi tas, dutse fari fat, babu abin da ke motsi, tankin yana da kyau ga ido, amma ga wannan kifi fili ne fetal ba abinci.

Kifi ɗaya ma yana iya cinye ƙwarin tanki cikin 'yan makonni. Shi ya sa ƙwararru ke haɗa wani ƙaramin tanki a ƙarƙashin babban, su zuba masa gansakukar teku da 'yar fitila, ba kifi ko ɗaya, ƙwarin su yi ta hayayyafa, famfo yana ɗauko wasu zuwa sama kullum.

Rairayin ya zama mai laushi, irin na murjani da ake kira aragonait, zurfin santimita 5 zuwa 8. Kada ku yarda da dakakken murjani mai kaifi ko tsakuwa, domin kifin da ke nutso ciki da ƙarfi kowane dare zai kurje jiki, raunin ya zama ƙofar cuta. Kuma ku fara jera duwatsu a kan gilashin ƙasa sannan ku zuba rairayi kewaye da su. In dutse a kan rairayi yake zaune, ranar da kifi ya shiga ƙarƙashinsa zai iya zamewa ya danne shi. Murfin raga mai ƙananan idanu, kamar milimita 6, wajibi ne. Dangin ras 'yan tsalle ne, ɗan gibin da aka bari don wayar famfo ya ishe su fita.

Yanzu ga inda mai zama a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya bambanta da mai bidiyon da kuka kalla. Ruwan tankin murjani ana son ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, ba hawa ba sauka. Mu kuwa a watan Afrilu zafin gari yakan haura 40. In ruwan ya zarce 29 ko 30 ya daɗe a haka, murjani zai fara fari yana mutuwa, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, amma a tsakiyar bazara ba ta isa, sai na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai sanyi ba dare ba rana. Fankar kuma tana sa ruwa ya yi ta ƙafewa, haka ma iskar hunturu. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, saboda haka ciko da tataccen ruwa marar gishiri ake yi, kullum, kaɗan-kaɗan. Wanda ya cika da ruwan gishiri zai wayi gari ma'auninsa ya yi sama.

Da yawanku kun san kiwon tarwaɗa, kuma ita ce ke ruɗin mutane su ɗauka kifi duk kifi ne. Tarwaɗa tana da gaɓar shaƙar iska, in ruwa ya lalace sai ta ɗago kai ta shaƙa ta koma. Kifin murjani bai san wannan ba. Ya taso cikin ruwan da igiya ke motsawa ba tsayawa. In aka ɗauke wuta da tsakar dare, famfuna suka tsaya, kifi da murjani da bakteriya duk suna jan oksijin babu mai mayarwa, cikin 'yan awanni a daren zafi aikin shekara guda zai iya rushewa, shi kuma namu yana can binne cikin rairayi ba ka ma ga halin da yake ciki ba. Janareta da sai an tashi an ja ba mafita ba ce, don barci ɓarawo ne. Sola da batir da inbata da za su karɓa da kansu ake bukata, da 'yar na'urar hura iska mai batir a gefe. Ni a ganina, in kuɗin wannan bai samu ba, kuɗin kifin ma bai samu ba, ko da suna aljihu.

To a ce gida ya shirya, kun je shago. Kada kyan launi ya ɗauke muku hankali. Baki za ku fara dubawa: yana rufuwa daidai, ba kumburi, ba ja, ba farin tabo? Ku dubi bayan kai da gadon baya, in wurin ya lotsa, yunwa ta riga ta ci jikinsa. Ku lura da tafiyarsa. Mai lafiya yana bin duwatsu yana leƙe-leƙe, idonsa yana aiki. Wanda ke kai da komo a jikin gilashi kusa da saman ruwa, ko yake juyi wuri ɗaya, ku bar shi. Ku tambaya yaushe ya iso, in bai yi mako biyu a shagon ba ku ba da kafin alƙalami ku dawo. Sannan ku ce a ba shi abinci a gabanku. Ba "yana ci" za ku karɓa ba, ku ga ya haɗiya, bai tofar ba. Mai shago na iya ɓata fuska, wannan ba komai ba ne.

Ku zaɓi matsakaiciyar mace, santimita 5 zuwa 8. Manyan maza, masu jan jiki da ɗigon kore, sun fi ɗaukar ido amma sun fi shan wuya a hanya, sun kuma fi wuyar sabo. Ba ku yi asarar komai ba, domin a wannan dangi mace ce ke rikiɗa ta zama namiji. Masani Ross Robertson ya nuna haka a 1972 a tsibirin Heron na Ostareliya, a kan wani ɗan uwansu: in aka cire namiji daga garke, cikin 'yan awanni babbar mace za ta fara halin maza, cikin makonni biyu zuwa uku ta zama cikakken namiji. Ikon Allah ke nan. In tankinku babba ne kuka sa mata biyu ko uku lokaci guda, mai yiwuwa wata rana ku ga launin babbar ya fara sauyawa. Maza biyu kuwa ba sa zama wuri ɗaya.

Ranar da kuka buɗe leda ma akwai lura. In kifin ya yi doguwar tafiya, numfashinsa ya sa ruwan ledar ya yi tsami, tsamin kuma ya danne dafin amoniyar da ta taru. Da an buɗe iska ta shiga, tsamin zai ragu, dafin ya farka. Saboda haka ba a barinsa awa da awanni a wannan ruwa. A daidaita zafi tun leda tana ɗaure, a tabbata gishirin tankin da zai shiga ya yi daidai da na ledar, a fitar da shi ba jan lokaci, kuma kada ruwan ledar ya shiga tanki.

Kan maganar killacewa masu harkar sun rabu biyu. Wasu sun ce duk sabon kifi sai ya yi aƙalla mako 4 a keɓe, don kada ya shigo da cutar fararen ɗigogi ta kashe na gida. Wasu sun ce wannan kifi yunwa ta fi cuta kashe shi, a tankin killacewa kuma ba abin tsinta, gara a sa shi babban tanki kai tsaye. Kowanne yana da hujja. Ni ina tare da na farko, amma da sharaɗi: tankin killacewar ma a shirya shi tun da wuri, da roba cike da rairayi mai laushi da 'yan duwatsu masu rai. Killace shi a tanki tsirara azabtarwa ce. A nan ne ake ba shi maganin tsutsa. Alamar tsutsa ita ce farin kashi mai tsawo kamar zare yana binsa, ko kuma yana ci amma yana ramewa. Maganin da aka fi amfani da shi firazikwantel ne, wanda a asibitocinmu ake ba masu tsargiya. Amma kada wannan ya sa wani ya dako ƙwayar mutane ya zuba da ka. A nemi wanda aka haɗa don kifi, a bi ma'auninsa, a ƙara hura iska lokacin da yake cikin ruwa. Magungunan da ke da sinadarin jan ƙarfe kuwa ku yi kaffa-kaffa da su. Mai zanen damisa ba ya jure su sosai, rairayin murjani yana tsotse su ya rikita lissafi, in kuma suka shiga babban tanki za su kashe murjani da ƙwarin da kuka shekara kuna kiwo.

Sai jarrabawa mafi girma, wadda ba ta kuɗi ba ce, ba ta ilimi ba ce. Kun saki kifi, ya yi zagaye ɗaya, ya nutse cikin rairayi. Gari ya waye ba ku gan shi ba. Jibi ma haka. Abokai sun zo kallo, babu abin nunawa. Zuciya za ta fara raya muku cewa ya mutu, hannu ya fara ƙaiƙayi. Kada ku tona. In ya mutu, tono ba zai dawo da shi ba. In yana da rai, tono na iya kashe shi, domin kun nuna masa cewa mafakarsa ta ƙarshe ma ba amintacciya ba ce. Yakan yi kwanaki a ciki, wani har mako ɗaya ko biyu, ya fito garau.

Sau da yawa ma yana fitowa, ku ne ba ku gani. Jakarta tana gabanmu da awa 6, Manila da awa 7. Jikin kifin yana nan kan agogon garinsu. Asubahinsa ita ce sha biyun darenmu, magaribarsa kuma wajen tsakar ranarmu. Ke nan mai fita aiki da sassafe ya dawo da la'asar zai iya rantsuwa kifinsa ya ɓata, alhali ya yi yininsa ya kwanta. Ku leƙa da sanyin safiya ba tare da hayaniya ba. In kun same shi a waje, lokacin ne na ba shi abinci, ko da bai dace da tsarinku ba. Sannu a hankali zai riƙa matso da lokacin fitarsa har ya daidaita da fitilarku.

Abincin farko ya zama mai rai mai motsi, don shi ya sani. Ƙwan artemiya da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke saye a gwangwani yana fashewa cikin kamar awa 24 a ruwan gishiri mai iska, kuma yana buɗe wa kifi baki, sai dai ba ya riƙe jiki shi kaɗai. Da ya fara karɓa sai a riƙa gauraya masa daskararren ƙaramin jatan lande da ake kira maisis, da ƙwan kifi, da jatan lande da aka yanka ƙanana sosai. A tsayar da famfo na ɗan lokaci, a saki abincin kusa da ƙasa, sau uku ko huɗu a yini, kaɗan-kaɗan. Ku tuna daskararren abinci in ya narke ya sake daskarewa ya lalace, ga maganar wuta ta sake dawowa. Maƙwabta kuma a zaɓa masa masu sanyin hali. Ɗan uwansa mai layi shida ƙarami ne amma mugun mafaɗaci, zai hana shi sakat. Kifin mandarin ba ya faɗa, amma abincinsu ɗaya, tanki ƙarami ba zai ɗauki su biyu ba.

Akwai waɗanda ko bayan duk wannan ban ba ku shawarar nema ba. A cikin ras, nau'in Choat na Ostareliya da dangin Anampses sukan gagari waɗanda suka tsufa a harkar. Sai kuma ɗan shuɗin nan mai baƙin layi, Labroides dimidiatus, wanda ke tsince ƙwari a jikin sauran kifaye, har manyan mafarauta su buɗe masa baki ya shiga ya fito. Yana da araha, shi ya sa yara ke faɗa masa. Alexandra Grutter, wadda ta yi bincike a tsibirin Lizard, ta gano cewa guda ɗaya yakan duba kifi sama da 2,000 a yini, ya ci ƙwari kimanin 1,200. A wuraren da aka riƙa cire shi na tsawon shekara 8 da rabi, kifayen da ke zaune a wurin sun ragu da kashi 37 cikin 100, nau'o'insu kuma da kashi 23. Shi ne kuma kifin da Masanori Kohda da abokan aikinsa a Osaka suka ruwaito a 2019 cewa in aka sa masa tabo a maƙogwaro ya gani a madubi, yakan je ya goge wurin a ƙasa. Tankin da ke da kifi biyar ba zai ba shi aikin yini ba, sai ya yi ta damun su da tsinta, wasu nau'o'insa kuma su rame su mutu. Amfaninsa a teku ya fi amfaninsa a falo nesa ba kusa ba.

Kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kyanwa ma tana da kukan da za a ji. Kifi ba ya kuka, ramewa kawai yake yi a hankali, a gaban mai shi da ke ɗaukar hoto. Duk abin da ka rufe a gilashi ci da shansa da numfashinsa sun koma hannunka, kuma wannan ba ya sanin ranar jarrabawa ko ranar tafiya biki. In za ka yi tafiya, sai ka bar wanda ya san ma'aunin gishiri, ba wanda zai zuba abinci kawai ba.

Wanda sha'awar ta kama da gaske, ga hanya. Ya fara da kifin ruwan daɗi, ya koyi gwajin ruwa da canjinsa. In ya koma na gishiri, ya fara da kifin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamara da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna, wanda yanzu a gonakin kifi ake ƙyanƙyasarsa, ya saba da abincin gwangwani tun yana ƙarami. In ras yake so, akwai dangin Cirrhilabrus masu kwana a ramin dutse, akwai kuma ɗan rawaya, Halichoeres chrysus, wanda shi ma a rairayi yake kwana amma ba ya tsirfar abinci. A kansa za ka koyi duk halin nutso da ɓuya ba tare da ka yi caca da rai mai rauni ba.

Ku sayi ma'aunin zafi da ɗan littafi. Ku riƙa rubuta zafin ruwa safe da yamma, da gishirinsa, da duk daren da famfo ya tsaya da tsawon tsayawarsa. Ku bari tankin ya ratsa bazara guda cikakkiya, daga Maris zuwa faɗuwar ruwan sama. In littafin ya nuna ruwa bai haura digiri 28 ba, famfo bai kwana a tsaye ba, tocila kuma tana nuna ƙwari a jikin gilashi, to ku je ku yi magana da mai shago. In bai nuna haka ba, ƙannena, ku bar mai zanen damisa a tekunsa.